Ɓeraye a zangon hawan dutsen Chappal Waddi

Malam, ka tambayi yadda za ka kare guzurinka daga ɓeraye a kwanakin hawan Chappal Waddi na jihar Taraba. Kada abinci ya kwana cikin tantinka. Ƙanshin ƙuli-ƙuli kaɗai ya isa ɓera ya huda tanti da jaka. Zuba garin rogo, dabino da kilishi a gwangwani mai murfi, ka ajiye nesa da makwancinka. Wanke tukunya kafin magariba.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin Lassa. Ana kamuwa da shi ta fitsari da kashin ɓera, kuma yana ɓulla a Taraba, musamman da rani. Don Allah, duk abin da ɓera ya taɓa, zubar da shi ko da yunwa kake ji.