Wace Siga ta Django Zan Zaɓa Don Sabon Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni aikin gina manhajar intanet da za ta riƙe bayanan ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu, kuma na yanke shawarar amfani da Django, wato tsarin gina manhajojin intanet da harshen kwamfuta na Python. Wani da ya girme ni a wannan sana'a ya ce kada in kuskura in taɓa sababbin sigogi, in tsaya a kan 3.2 domin ita ce aka gwada, kuma ya ce yana da shafukan da suka shekara huɗu a kanta ba tare da matsala ba. Yawancin darussan da nake koyo da su ma da tsofaffin sigogi aka yi su. Tsorona shi ne in zaɓi abin da zai lalace bayan na miƙa aikin, a ɗora mini laifi. Wacce ya kamata in ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsoronka yana kan hanya, domin bayanan mutane za ka riƙe, sai dai shawarar da aka ba ka ita ce za ta kai ka ga abin da kake gudu. Ɗauki Django 5.2. Ta fito a watan Afrilu na 2025, tana cikin sigogin da ake kira LTS, wato masu dogon tallafi, kuma za a ci gaba da fitar mata da gyaran tsaro har zuwa Afrilu na 2028. Django kan fitar da sabuwar siga kusan duk bayan wata takwas, kuma sigar da ba LTS ba takan sami gyaran tsaro na kimanin wata goma sha shida ne kawai, yayin da LTS ke samun shekara uku. Ga wanda zai gina aiki shi kaɗai ya miƙa wa makarantar da ba ta da ma'aikacin da zai riƙa ɗaukaka siga a kai a kai, lissafin a fili yake.

Abin da za ka bincika kafin ka fara kaɗan ne. Django 5.2 tana buƙatar Python 3.10 ko sama da haka, kuma idan PostgreSQL ne rumbun bayananka, sai siga ta 14 zuwa sama. Ka kuma duba kowane fakiti, wato ƙarin manhajar da wasu suka rubuta, da za ka jingina da shi, ka tabbatar masu kula da shi sun bayyana cewa yana aiki da 5.2. Idan mai ba ka hayar saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki shafin a intanet, ya ce tsohuwar Python kawai yake da ita, ka sauya mai hayar, kada ka mayar da aikinka baya saboda shi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda nake ji kusan kullum daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi haka sani: wai tsohuwar siga ta fi aminci saboda ta daɗe, kuma abin da yake aiki ba a taɓa shi. Tallafin Django 3.2 ya ƙare tun Afrilu na 2024. Tun daga wannan lokaci, duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta tana nan a buɗe, kuma babu wanda zai toshe ta. Shafin abokin aikinka yana buɗewa, yana karɓar kalmar sirri, yana nuna sakamako, shi ya sa yake ganin lafiya ƙalau. Amma buɗewar shafi ba ta nuna komai game da tsaronsa. Mai kutsen da ya san aikinsa ba ya son shafi ya faɗi, domin faɗuwar ce za ta tona masa asiri. Ya fi son ya kwashe rumbun bayanai a ɓoye, ko ya mayar da sabar wurin aika saƙonnin damfara, mai shafin kuwa yana ta alfahari da shekara huɗu babu matsala.

Ka lura da yadda abin yake gudana. Django buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ranar da aka sanar da gyaran tsaro, ana wallafa bayanin raunin tare da ainihin layukan da aka sauya, kowa yana iya karantawa. Ana yi wa sigogin da ke ƙarƙashin tallafi faci, su kuwa tsofaffin ba a ma bincika ko raunin ya shafe su, kuma sau da yawa ya shafe su, tunda daga tushe ɗaya suka fito. Ke nan kowace sanarwar gyara tana zame wa mai kutse jagora zuwa shafukan da ba a sabunta ba. Tsohuwar siga kamar kwaɗon ƙofa ne da aka yaɗa hoton makullinsa a gari: ƙarfen bai sauya ba, amma yanzu kowa yana iya yanka irinsa.

Wasu kan ce shafinsu ƙarami ne, wa zai damu da shi. Wannan ma rashin fahimta ne. Ba mutum ne ke zama yana zaɓar wanda zai afka wa ba, manhajoji ne masu sarrafa kansu ke bin adiresoshin intanet dare da rana suna gwada raunukan da aka riga aka sani, kuma ba ruwansu da girman mai shafi. A watan Oktoba na 2014, da aka bayyana wani mummunan rauni a Drupal 7, wata manhajar gina shafukan intanet, masu kula da Drupal sun fito daga baya sun ce duk shafin da ba a yi wa faci cikin sa'a bakwai da sanarwar ba, a ɗauka an riga an shige shi. A 2017 kuma an kutsa cikin kamfanin Equifax na Amurka ta wani rauni a tsarin Apache Struts wanda aka fitar da gyaransa tun watan Maris, kutsen kuwa ya fara a watan Mayu, kuma bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. Waɗannan ma gyaran yana nan, sakaci ne ya hana su ɗora shi. Wanda ya gina a kan 3.2 a yau ba shi da gyaran da zai ɗora ko da ya so.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne, yawancin masu yaɗa wannan magana ba tsaro ne a gabansu ba. Sun koyi siga ɗaya, sun tara tsohon aikin da suke kwafa wa kowane sabon mai ba da kwangila, kuma sabuntawa na nufin su koma karatu. Sai su kira kasalarsu gogewa, su karɓi kuɗi, su tafi, su bar makaranta ko asibiti da manhajar da wa'adinta ya ƙare kafin a ƙaddamar da ita. A wasu ma'aikatu kuma sai an rubuta takarda, an jira zaman kwamiti, kafin a yarda a ɗora facin da ba ya ɗaukar minti goma, alhali masu kutse ba sa jiran sa hannun kowa.

Game da darussan da kake bi, bambancin bai kai yadda kake zato ba. Za ka tarar an cire url() daga django.conf.urls tun a 4.0, sai ka yi amfani da path() ko re_path(), kuma tun daga 5.0 ba a fita daga asusu ta GET (buɗe adireshi kawai) a LogoutView, sai ta POST (aika fom). Ka riƙa buɗe takardun Django na hukuma, ka tabbatar lambar sigar da ke shafin 5.2 ce.

Tunda laifi kake tsoro, ka rubuta a cikin yarjejeniyar aikin cewa tallafin wannan siga zai ƙare a Afrilu na 2028, ka fayyace wanda zai riƙa ɗora ƙananan gyare-gyaren jerin 5.2 da zarar sun fito, da wanda zai biya kuɗin ƙaura zuwa LTS ta gaba. Ka rubuta gwaje-gwaje tun daga farko, ka riƙa gudanar da su da umarnin python -Wa manage.py test, domin shi zai nuna maka abubuwan da ake shirin cirewa tun kana da lokacin gyara su.