Tambaya da Amsa: Yadda lakar teku ke adana tarihin juyawar maganaɗisun duniya

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Bajoga. Na ji an ce akwai zamanin da allurar kamfas kudu za ta nuna, ba arewa ba, kuma wai a lakar ƙasan teku aka ga shaidar. Ta yaya laka za ta riƙe irin wannan labari?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Maganaɗisun duniya yana samuwa ne daga motsin narkakken ƙarfe a can tsakiyarta, kuma ya sha juyawa. Juyi cikakke na ƙarshe ya faru kimanin shekaru 780,000 da suka wuce. Ka faɗa wa ɗalibanka cewa duniyar ba ta kife ba, gabas tana nan gabas, alƙibla ma ba ta gusa ba. Allura ce kawai za ta sauya.

A daskararren aman dutse aka fara ganin alamar: Bernard Brunhes a Faransa a 1906, sai Motonori Matuyama a Japan a 1929. Amma dutse ba kullum yake aman wuta ba, labarinsa guntu-guntu ne. Laka kuwa kusan kullum tana kwanciya a ƙasan teku.

Cikin ƙurar da iska da koguna ke kaiwa teku akwai mitsi-mitsin ƙwayoyin wani ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu, magnetait. Har wasu ƙwayoyin bakteriya ma suna ƙera shi a jikinsu. Yayin da ƙwayar ke nutsewa, sai ta juya ta fuskanci inda maganaɗisun lokacin ya nufa, kamar 'yar allurar kamfas. Sabuwar laka ta hau kanta, ta danne, ruwa ya matse, ƙwayar ta kafe a haka. A zurfin teku, kaurin santimita ɗaya kan ci shekara dubu ko fiye. Masana sukan soka dogon bututu su zaro lakar a jere, su auna ta gaɓa-gaɓa. Inda fuskar ƙwayoyin ta juya, nan juyin ya faru. Masana biyu, Harrison da Funnell, sun nuna haka a lakar tekun Pasifik a 1964, kuma daga 1968 jirgin Glomar Challenger ya shiga haƙo ta daga tekuna.

Sai dai a yi hattara. Tsutsotsi suna dama saman lakar, don haka ƙwayar ba ta kafewa sai ta ɗan yi zurfi, alamar takan fito a lakar da ke ƙasa kaɗan da ta ainihin lokacinta. Inda laka ke taruwa a hankali, gajeren kauce-hanyar da maganaɗisun kan yi ya dawo, irin wanda ake kira Laschamp, shekaru 41,000 baya, yana iya ɓacewa. Kuma laka ita kaɗai ba ta faɗin shekara, sai an gwada jerinta da duwatsun da aka auna shekarunsu.

Abin da na fi so ka kai wa ɗalibanka yana kusa da ku. Dutsen da ake siminti da shi a Ashaka lakar teku ce, ta zamanin da ruwan gishiri ya malale kwarin Gongola, fiye da shekaru miliyan 90 baya. Wannan ya faɗo cikin wani dogon lokaci, daga kimanin shekaru miliyan 121 zuwa miliyan 83 baya, da maganaɗisun ya zauna bai juya ba. Saboda haka ba a sa ran ganin juyi a dutsen Ashaka, amma kai su su ga katantanwar teku a jikinsa, su gane yadda laka ke zama dutse.