Zuwa gonar inabi a Cape Town ga wadda ba ta shan giya

Kin ce abokan hutunki za su je ɗanɗana giyar inabi, ke kuma ba kya sha. Gonakin sun cancanci gani: Groot Constantia tun 1685 take, garin Stellenbosch mai gonakin inabi kuma kusan kilomita 50 ne daga Cape Town. Ki kira masu gonakin kafin ranar, ki tambaya ko suna da ruwan inabi zalla, wanda bai tsimu ba. Inda ake yawan kuskure shi ne kwalbar da aka ce an cire mata barasa, domin akan samu ragowar barasa har 0.5% a ciki. Juya bayan kwalbar ki duba da idonki, sai kin ga 0.0%. Hukuncin zama teburin da ake sha kuwa, malami za ki tambaya. Don Allah kar ki hau motar wanda ya kurɓa.