Tambaya da Amsa: Wutar da ake kaiwa Nijar

Tambaya: Salam Malam. Ni mai walda ne a Birnin Kebbi, wani lokacin sai mu kwana biyu ba a kawo wuta ba, kuɗin man janareta ya cinye ribar kakaf, amma ga manyan turakun nan suna wucewa ta bayan gari ana cewa Yamai suke kai wuta. Don Allah ta yaya za a ba maƙwabci abinda gida bai ƙoshi da shi ba? Kuma naji wai wani sabon layin ake ja.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wallahi na fahimci zafin, wanda abincinsa ke jikin wuta shi ya san ciwon rashinta.

Turakun da kake gani tun 1976 suke kai wuta Yamai, akwai kuma wani layin daga Katsina zuwa Gazawa wanda Maradi da Damagaram ke sha. Kuma ba kyauta bane, sayarwa ake wa kamfanin wutar Nijar, Nigelec. Amma ka kalli ruwan tukuna. Kogin Kwara daga Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso madatsar Kainji da aka gama a 1968, sannan Jebba, toh kaga in na sama suka datse shi mu ne za mu ji a jikinmu, shi yasa jami'ai suka daɗe suna cewa wutar nan ita ce ke kare mana ruwan. Nijar ma ta fara gina nata dam ɗin a Kandaji, yankin Tillaberi.

Sabon layin da kaji gaskiya ne. Mai ƙarfin kilobolt 330 ne, daga nan garinku zuwa Yamai, ya wuce Wagadugu a Burkina Faso, da reshe zuwa Malanville a Benin, tsawonsa ya haura kilomita 800. Yana ƙarƙashin tsarin WAPP, wato haɗakar wutar lantarki ta Yammacin Afirka, da ECOWAS ta kafa a 1999, hedkwata a Kwatano, ƙasashe 14 ne a ciki. Kamar adashi ne, wuta ba hatsi bace balle a zuba a rumbu, lokacin da aka samar da ita lokacin ake shanta, don haka mai rarar ruwan dam da damina ya tura wa mai ƙaranci, mai gas ko mai sola ya rama masa da rani, kowa ya huta da sayen dizal mai tsada.

Shin ita ke jawo maka duhu? Ni dai a ganina a'a. Najeriya gaba ɗaya megawat 4,000 zuwa 5,000 take rarrabawa mutum sama da miliyan 200, kuma a 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta ƙayyade abinda za a fitar waje kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari. Ko duka aka dawo da shi gida, tsofaffin wayoyi da taransifoma masu ƙonewa da ƙarancin gas a tashoshi suna nan daram.

Abinda ya fi damuna shine amana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Najeriya ta katse layin, alhali kusan kashi 70 na wutar Nijar daga nan take zuwa, ba a maido ba sai Maris 2024. Wa ya sha wahala? Mai walda irinka a Dosso, mai niƙa, mai ƙanƙara, majinyaci a gadon asibiti, 'yan'uwanmu ne fa na jini. Ƙasar da aka taɓa yi wa haka dole ta nemi nata ko da tsada, ga shi a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, kuma biyu daga cikinsu ta ƙasarsu sabon layin nan na garinku zai bi.