Amsar tambayarka kan manyan kalmomin Turanci

To ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare. Ka ce wata guda cur kana rubuta wa 'yan SS3 ɗinka kalmomi ashirin-ashirin kullum a allo suna haddacewa, amma da ka ba su insha'i 'yan kaɗan ne suka fito, waɗanda suka fito ma an saka su inda bai dace ba, wai mene ne matsalar.

Wallahi ba laifin yaran ba ne, hanyar ce. Ni ma haka na fara, har ranar da wata yarinya mai ƙoƙari sosai ta rubuta min my father is a notorious farmer, tana nufin babanta sanannen manomi ne, ni ne kuma na ba ta notorious na ce ma'anarta sananne, ban gaya mata sananne da mugun abu ba ne. Abin ya tsaya min a rai, daga ranar na daina ba da kalma tsirara ba jimla.

Ka duba yadda WAEC ke raba makin insha'i mana. Maki 50 ne, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya zuba zance, 10 na tsabtar rubutu, a wannan na ƙarshen kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kenan yaron da ya ɗauko ƙatuwar kalma ya ajiye ta a karkace, ya kuma ɓata harufanta, sau biyu ya yi asara. Ga kuma tambayar nan ta ƙarshen comprehension, wato sashen karanta rubutu a amsa tambayoyi a kansa, da ake cewa kawo wata kalma da za ta zauna a madadin wannan, idan an ba shi reluctantly ya rubuta unwilling maimakon unwillingly ya faɗi, alhali ya san ma'anar, siffar ce bai lura da ita ba. Hadda ba ta koyar da wannan.

Abin da nake yi yanzu, kalma biyar kacal a rana, kuma daga cikin rubutu muke ciro ta. Ina zuwa da tsohuwar Daily Trust in yanki sakin layi ɗaya, mu karanta tare, su fara cankar ma'ana daga zancen kafin kowa ya taɓa kamus. Sannan a buɗe Oxford Advanced Learner's, kuma ina matsa musu su karanta misalan da ke ƙasan ma'anar, don can ne ake ganin abokan tafiyar kalma. Yaranmu da Hausa suke tunani, shi ya sa za ka ga strong rain saboda ruwa mai ƙarfi, drink medicine saboda shan magani, I hear smell saboda jin wari. Sai ka nuna musu Bature heavy rain yake cewa, take medicine yake cewa. Kar ka yi musu dariya don Allah, ka nuna musu daga ina kuskuren ya taso, nan da nan suke ganewa.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne saiwar kalma. Kusan duk sun yi Islamiyya, sun san kataba da kitab da maktaba gida ɗaya suka fito, a Hausa ma sun san ɗinki da maɗinki, karatu da makaranta. Sai in ce to Turanci ma haka yake da saiwoyin da ya aro daga harshen Latin. In rubuta port a tsakiyar allo in ce ɗauka kenan, su da kansu za su fara jefo transport, import, export, portable, porter. In rubuta mal in ce mummuna, ai kowa ya san malpractice, daga nan sai malnutrition, har malaria da asalinta mummunar iska ne a yaren Italiya. Ranar da na fara yin wannan wani yaro daga bencin baya da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe ya ce Malam to malfunction fa? Sanin saiwar nan shi zai cece su a JAMB, tambaya 60 ce ta Turanci ga lokaci a ƙure, dole su haɗu da kalmar da ba su taɓa gani ba.

Kar ka manta da kalmomin sana'a, na kotu, asibiti, banki, gini, suna fitowa a objektif, wato tambayoyin zaɓin amsa. Sati ɗaya fanni ɗaya ya isa.

Kowa ya ware littafi guda na wannan kawai: kalmar, jimlar da aka same ta, danginta, sai jimlar da shi ya ƙirƙira a kan gidansu ko unguwarsu. Bayan kwana uku ka waiwayo ta, bayan sati ka sake, in ba haka ba za ta gudu.

Ranar Litinin zan shigo ajinka in zauna a baya in gani. Ka zo da jarida, ka zaɓi sakin layin tun daga gida, kuma ka fara duba kalmomin biyar ɗin kai ma kafin ka tsaya gabansu.