Likita Na Amsa: Wanda lakarsa ta taɓu zai sake tafiya?

Likita, ƙanena ya yi hatsarin babur shekara biyu da suka wuce, ƙafafunsa suka shanye. Na ga bidiyon wani Bature da aka dasa wa na'ura ya miƙe. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Zariya)

Allah ya ba shi lafiya, Malam. Gaskiya ne, kuma da yawa daga cikin irin bidiyon nan daga birnin Lausanne na Suwizalan suke fitowa, inda Farfesa Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suke bincike. Idan laka ta ji rauni, jijiyoyin da ke ƙasa da ciwon suna nan da ransu, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su. Shi ya sa ake dasa siririyar na'ura a kan lakar, tana zaburar da su da lantarki. A 2022 aka sanar da cewa maza uku da ba sa ko motsa yatsar ƙafa sun taka da ita. A 2023 aka sanar da cewa an ƙara wa wani ɗan Holan, Gert-Jan Oskam, wata na'urar a ƙoƙon kai, mai karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa ta aika wa ta baya, har ya hau matakala.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne watannin atisaye da aka sha, da abin dogarawa da suke riƙewa. Lakar kuma ba warkewa ta yi ba. Har yanzu gwaji ne a kan mutane ƙalilan.

Wani dillalin asibitocin waje ya ce mu sayar da gona, a yi wa mijina allurar ƙwayoyin halitta na asali a Indiya, wai cikin wata uku zai tashi. (Hajiya daga Maraɗi)

Hajiya, kada ku taɓa gonar nan. A Jami'ar Keio ta Japan, inda ake wannan bincike tsakani da Allah, mutum huɗu aka dasa wa ƙwayoyin, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙwayoyin jijiya. Sakamakon 2025 ya nuna ɗaya ya iya tsayawa, ɗaya ya samu ɗan motsi, biyu babu wani canji na a zo a gani. Su da kansu ba su yi wa kowa alkawari ba, balle dillali. Akwai ma wadda aka dasa wa naman cikin hanci a laka a Fotugal, bayan shekara 8 wurin ya zama ƙari. Kuɗin ya fi amfani a gashin ƙashi, katifa mai kyau, keken guragu da tsaftar robar fitsari, domin gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su suka fi cin marasa lafiyarmu.

Ɗana a wuya ya ji ciwo, hannayensa ba ƙarfi. Akwai wani abu? (Uba daga Kano)

Akwai wata na'urar zaburar da jijiyoyi da lantarki mai suna ARC-EX, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disamban 2024. Ba tiyata, a fatar bayan wuya ake manna ta lokacin atisaye. Cikin mutum 60 da aka gwada, kashi 72 cikin ɗari sun samu ƙarin ƙarfin hannu. Amma duka masu sauran motsi ne, don haka fara kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a auna iya abin da ya rage masa.