Surukai a Tailan: wuraren da baƙo ke yin tuntuɓe

Hajiya, kin ce ƙaninki da ke sarin kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok zai auri wata yarinya 'yar yankin Isan da ke arewa maso gabashin Tailan, ta musulunta amma iyayenta mabiya addinin Buda ne, kina son sanin irin kurakuran da baƙi ke tafkawa a gidan surukai har a yi ta dariya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Bahaushe bai cika yin kuskuren da Bature ke yi a can ba, domin cire takalmi a bakin ƙofa, risinawa gaban manya da miƙa abu da hannun dama duk ya taso da su. Inda yake tuntuɓe shi ne wurin da yake zaton al'adarsu da tamu ɗaya ce, alhali sun raba hanya.

Na farko kuma mafi girma, abinci. A wurinmu suruki mai kunya ba ya cin abinci gaban surukarsa, sai dai a kai masa ɗaki ko ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. A can wannan kunyar cin fuska ce. Uwar yarinya ta jiƙa shinkafa mai danƙo tun dare, ta turara ta da asuba, ta daka ɗanyar gwanda da barkono a turmi, abin da suke kira som tam, an shimfiɗa tabarma kowa ya zauna, sai ango ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Ita abin da za ta ɗauka shi ne yana ƙyamar girkinta, ko ya raina gidan. Ba za ta ce masa uffan ba, 'yarta za ta tsare da tambaya bayan ya fita. Don haka ki gaya masa ya ajiye wannan kunyar a filin jirgi. Ya zauna ya ci, ya ce "aroi", wato akwai daɗi, ya maimaita.

Cin ba wuya. Shinkafar mai danƙo tana zuwa a ɗan kwandon saƙa mai murfi, ana gutsuro ta da hannu a mulmula kamar lomar tuwo, a dangwala. Idan shinkafar yau da kullum ce, cokali na hannun dama, mai yatsu na hagu yana tura abinci kawai, ba ya shiga baki. Kwanukan miya da nama na tsakiya na kowa ne, ana ɗiban cokali ɗaya ko biyu a ci, a sake ɗiba. Wanda ya tula komai a farantinsa lokaci guda zai ga yara suna rufe baki. Warin da zai ji daga som tam na Isan kifi ne da aka tsima da gishiri, sunansa pla ra, matsayinsa a wurinsu kamar daddawa ne a wurinmu, kada ya yamutsa fuska. Barkono kuwa ƙirga shi ake yi: ya ce a sa masa ɗaya. Ko ya ce "mai pet", ba yaji, turmin da aka daka na wasu a ciki shi za a daka nasa, zai dai ji a harshensa.

Maganar alade tana bukatar kulawa ta musamman. "Mai kin mu" na nufin ba na cin alade, amma tsohuwa mai kyakkyawar niyya za ta iya tsame yankan naman daga miya ta miƙo masa romon, a ganinta ta cika sharaɗi. Amaryar ce ya kamata ta yi bayani tun kafin su iso: ban da naman, ban da romon ƙashinsa, ban da kitsensa a suya. Su sayi kasko da tukunya sababbi a ware, su riƙe kifi, ƙwai da kaza mai tambarin halal. Haka giyar shinkafa da uban yarinya zai miƙo masa don nuna ya karɓe shi a matsayin ɗa: ya ƙi da murmushi, amma ya zauna cikinsu da kofin ruwa ko lemo, kada ya tashi ya bar wurin.

Gaisuwa ma tana rikita baƙi. Idan maƙwabciya ta hango shi a hanya ta ce "kin kao ru yang", ka ci shinkafa?, ko "pai nai", ina za ka?, ba bincike take yi ba. Kamar "ina gajiya" ne, ba wanda ke jiran ka zayyana masa ciwon bayanka. Ya ce "kin leu", na ci, ya wuce. Sai idan a cikin gida ne kuma tabarma a shimfiɗe, nan gayyata ce ta gaske. Gaisuwar haɗa tafin hannu da suke kira wai, ƙarami ke fara yi wa babba, manyan yatsu a daidai hanci idan iyaye ne. Ba a fara yi wa yara. Baƙon da ya bi 'yan shekara biyar ɗaya bayan ɗaya yana haɗa musu hannu, ranar gidan ya samu abin hira. Namiji yana rufe magana da "krap", mace da "ka". Mai koyon yare a bakin matarsa yakan kwashi "ka" ɗin ya je gaban surukinsa da maganar mata.

Yaren Tailan yana da karin sauti biyar, kuma kunnen Bahaushe ya fi na Bature saurin kamawa tunda mu ma murya ke raba mana kalmomi. Duk da haka a kiyaye biyu. "Ma" da murya a miƙe zo ne, da murya sama doki, da murya mai tashi kare, to sai a yi hattara wajen kiran tsohuwa. "Suai" da murya mai tashi kyakkyawa ce, a miƙe kuwa mai rashin sa'a. Ya kira uban "po", uwar "me", wanda ya girme shi "pi", na ƙasa da shi "nong". Shi ya sa za su tambaye shi shekarunsa tun a zaman farko, suna neman inda za su ajiye shi ne. Kowa kuma yana da sunan gida, irin su Kaza, Tsuntsu, Ƙarami, har da Mu, wato Alade. Idan an ce masa ya yi ƙiba ko an yi maganar launin fatarsa a gabansa, yawanci ba da nufin zagi ba ne, ko da yake ba daɗin ji. Matarsa ta ja kunnen danginta a hankali, shi kada ya ɗaga murya.

Yanzu kuɗin aure, inda dariya kan koma kuka idan ba a fahimci juna ba. Sunansa sin sot, kuma na iyaye ne, ba na amarya ba. Saboda haka bai ɗauke masa sadaki ba, wannan haƙƙinta ne daban. Tare da shi akwai zinarin baiko, kuma a nan tarkon yake: kalmar bat sunan kuɗinsu ne, kuma ma'aunin zinari ne. Bat ɗaya na sarƙa giram 15.16 ne, zinarin kashi 96.5 cikin ɗari. Idan uwa ta ce bat biyar, ba tsabar da ba ta isa sayen ruwan gora ba take nufi, giram 75 da 'yan kai take nufi. An sha samun ango ya amsa da fara'a yana mamakin sauƙin mutanen nan. Ranar biki ana baza kuɗin a kan ƙyalle cikin tire kamar mafici, a ƙirga a gaban jama'a, a yayyafa musu wake, riɗi da furanni, uwar ta ƙulle ta saɓa a kafaɗa tana tangaɗi kamar nauyi ya rinjaye ta, kowa na shewa. Iyalai da yawa suna mayar wa ma'aurata kuɗin duka ko rabi bayan taro, domin fita kunyar idon jama'a ne babban manufarsa. Amma ba doka ba ce. A yi maganar tun farko ta bakin wani dattijo, kamar yadda muke tura wakilai. Suna son lamba 9, shi ya sa za ki ga an sa lokacin biki ƙarfe 9:09. Ya kuma cika aljihu da ambulan masu 'yan kuɗi, don ƙannen amarya za su tare masa hanya da sarƙoƙi, ƙofa bayan ƙofa, irin namu na sayen baki.

A bikin akwai kiran limaman Buda da safe, zuba ruwa a hannun ma'aurata, da ɗaura farin zare a wuyan hannu, wanda mutanen Isan suke ba muhimmanci ƙwarai. Ya tambayi malami a masallatan Bankok abin da ya halatta gare shi, ya sanar da iyayen makonni kafin ranar. Janye hannu a gaban kaka tana riƙe da zare, jama'a na kallo, ciwo ne da ba ya saurin warkewa. Auren kuma ba ya zama na hukuma sai an yi rajistarsa a ofishin gunduma, bayan takardar shaidar cewa ba abin da ya hana shi aure daga ofishin jakadancinsa, a fassara ta, ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi.

Akwai halin da suke kira kreng jai, kusan abin da muke cewa kara. Suruki zai ce "mai pen rai", ba komai, yana murmushi, alhali akwai komai. Murmushi a can yana rufe kunya, ɓacin rai da ƙin amincewa. Ƙaninki ya riƙa tambayar matarsa da daddare abin da aka ce da abin da ake nufi. Ya kuma san cewa a Isan al'adar ita ce miji ya tare a gidan iyayen mata, 'yar auta kuma ita ke riƙe tsofaffi ta gaji gidan. Idan amaryar auta ce, su suna gyara musu ɗaki, ku kuna shirin jere, kowa na ganin maganar a bayyane take. Tura wa iyaye kuɗi duk wata ma wajibi ne a idonsu, sakayyar renon da aka yi wa ɗa. Su yanke adadi tsakaninsu tun yanzu. Idan zai gina gida a ƙauyen, ya sani baƙo ba ya mallakar fili a Tailan, sunan matar za a rubuta.

Sauran ƙanana ne. Ba a shafa kan babba, ba a miƙe ƙafa tana fuskantar mutum, ba a tsallake wanda ke kwance ko kwanon abinci. Kuɗi ya faɗi kada ya take shi da ƙafa, hoton sarki ne a jiki. Jan lemon da zai gani a buɗe da tsinken zuƙa a gaban ɗan ƙaramin gida kan ginshiƙi a tsakar gida, an ajiye wa iskokin wurin ne, ya hana yaran da kuka je da su ɗauka. Kada ku sa baƙaƙen kaya ranar biki, na makoki ne. Idan sun aiko da 555 a waya dariya ce, domin biyar a yarensu "ha" ne. Shekarar da za ki gani a katin gayyata ta ɗara tamu da 543, wato 2025 ita ce 2568.

In Allah ya kawo haihuwa, za ki ji tsofaffi suna kallon jariri suna cewa mummuna ne. Kada ranki ya ɓaci, suna kawar da hankalin iskoki ne daga kansa. Mai jego kuma akwai zaman da ake sa ta yi kusa da wuta na wasu kwanaki, tana shan ruwan zafi da na saiwoyi, suna kiransa yu fai. Ki ba uwar yarinyar labarin wankan jego da kunun kanwa, a nan za ku fahimci juna ko da tafinta bai iso ba.